Hanyar Iskar Injin Mota a Ƙasar Ƙura: Tsakanin Wankewa da Sauya Fasali

 

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, hirar masu mota ta sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Mutumin da a da ba ya buɗe bonet sai zai duba ruwan lagireto, yanzu yana tambayar me zai yi motarsa ta rage shan mai ta ƙara ja. Amsar da aka fi ba shi ta shafi hanyar iska: wani ya ce a wanke bakin totur, wani ya ce a cire akwatin da kamfani ya sa a ɗaura jar filta mai siffar mazurari a kan bututu mai sheƙi, kamar yadda samarin Amurka da Japan ke yi wa motocinsu. Waɗannan shawarwari biyu ana haɗa su a baki ɗaya, alhali ba su da dangantaka. Abin da zan kare a yau shi ne wannan: ƙarfin da mai mota zai iya samowa daga hanyar iska shi ne wanda datti da ɓaraka suka ƙwace masa, kuma yana iya dawo da shi da hannunsa a ƙofar gida. Abin da ya wuce haka na yanke-yanke da sauye-sauye, a ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, asararsa ta ninka ribarsa.

Mu fara da lissafin da kowa zai iya yi da ka. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tsaf. Litar fetur nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne, don haka tana cin iska kusan kilo 11, wato kimanin lita 9,000. Kafin tankin Corolla mai ɗaukar lita 50 ya ƙare, injin ya zuƙi iska kusan lita 450,000. Wannan iska kuwa ta kan titi ce, a daidai tsayin ƙugun mutum, sau da yawa a bayan tirelar da ta sauka gefen kwalta ta tayar da ƙasa. Ko da ba tirela, mu maƙwabtan kwarin Bodele ne da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Iskar hunturu ce ke kwaso ta daga arewa maso gabas, tun ƙarshen Nuwamba har cikin Maris, ta sauke ta a Diffa da Damagaram da Maiduguri da Kano. Mafi yawan wannan ƙura silika ce, ainihin abin da yashi ya ƙunsa, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri.

Ƙwayar da ta tsallake filta tana manne wa man da ke jikin silinda, ta shiga tsakanin ringi da bango, fistin kuma yana hawa da sauka sau dubbai a minti guda. Haɗin ƙura da baƙin mai bai da maraba da man gurza bawul da ke cikin akwatin kowane bakanike, sai dai wannan silinda yake ci. Ringi ya saki, kwamfireshan ya ragu, mota ta fara shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, daga ƙarshe a ce sai an sauke injin. Ɓarnar ba ta bayyana a mako ko a wata, shi ya sa mai mota ba ya danganta ta da ranar da aka bar kilif ɗin akwatin iska a ɓalle. Sai a ɗora wa mai laifi, ko a ce dama injin a gajiye ya taso daga Kwatano. Ƙura ce ma ta haifi sana'ar tace iska tun farko. A 1915 Frank Donaldson, wani mai tallan tarakta a Amurka, ya tarar da taraktar wani manomi a jihar Utah tana ta mutuwa a gona saboda ƙura, ya haɗa mata mataci da hannunsa, kuma kamfanin da ya taso daga wannan aiki har yau filta yake yi. Ƙurar da ake gwada filtoci da ita a ɗakunan gwaji, bisa ƙa'idar ISO 5011, daga hamadar Arizona asalinta yake. Wato masu ƙera mota sun san abokin gabar. Mu ne muke zaune a gidansa.

To idan filta ta toshe, me mai mota ke asara? A nan akwai gwaji na ainihi, ba ji-ta-ji-ta ba. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee, ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta ɗauki motoci uku masu injekta, ciki har da Toyota Camry ƙirar 2003 irin wadda ta cika titunanmu, da tsohuwar Pontiac ƙirar 1972 mai kafireta. Aka toshe musu filta da gangan aka auna. A masu injekta shan mai bai sauya ba yadda za a ce wani abu. Ja ne ya ragu, domin da aka mayar da sabuwar filta, saurin ɗaukar gudu ya inganta da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. A mai kafireta kuwa sabuwar filta ta rage shan mai da kashi 2 zuwa 6, har ya kai 14 inda toshewar ta yi muni. Dalilin a fili yake. Mota mai injekta tana auna iskar da ta shigo ta zuba mai daidai da ita, sensar da ke jikin salansa kuma tana gyara mata lissafi; iska ta ragu, mai ya ragu, sai ƙarfi ya yi ƙasa. Kafireta ba ta aunawa, zuƙa take bi, don haka toshewar filta a wajenta daidai take da jan cok. Wanda ya ce maka sabuwar filta za ta rage wa Camry ko Accord ɗinka shan mai, ya ɗauko maganar da ta dace da Peugeot 504 da babur da A Daidaita Sahu da janareta ne ya ɗora wa motar da ba haka take aiki ba. Amma kashi 6 zuwa 11 na ja ba ƙaramin abu ba ne ga mai son wuce tirela a hanyar Zariya zuwa Funtuwa, kuma ina so ku riƙe wannan adadi, domin da shi za mu auna alkawarin masu sauya fasali.

Duba filta aikin minti biyar ne, kuma a yawancin motoci ko sifana ba ya bukata. A ɓalle kilif, a ɗaga murfi, a zaro ta a ɗaga ta saitin rana. Idan haske ba ya ratsa ninkin takardar, ta gama aiki. Kafin a sa wata, a toshe bakin tiyo da tsumma mai tsabta, a kwashe yashi da ganye daga gindin akwati, a goge da ɗanyen tsumma. Sai kuma abin da ya fi komai muhimmanci, wanda ba a cika yi ba: a shafa yatsa a cikin murfi da cikin tiyo, wato ɓangaren da iska ke bi bayan an tace ta. Idan yatsa ya fito da ƙura, akwai inda take satar hanya, ko filtar ta huje, ko robar gefenta ba ta zauna ba, ko murfin ya karkace. Wannan ya fi toshewa haɗari nesa, domin filtar da ta toshe ƙarfi kawai take ragewa, wadda ke yoyo kuwa injin take ci. Daga nan ne za a gane illar wasu al'adu biyu na garejinmu. Ta farko kai filta wajen mai faci ya hura ta da iskar taya: tana fitowa fes a ido, amma ƙarfin iskar yana yaga zaren takarda ya buɗe ramukan da ido ba ya gani. Ta biyu wanke ta da fetur ko ruwan sabulu, wanda ke lalata sinadarin da ke riƙe takardar. Akwai kuma abin da mutane ke mamaki idan sun ji: filtar takarda da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa tacewa, domin ƙurar farko tana cike manyan ramuka. Launin toka a fuskarta ba dalilin jefar da ita ba ne, kuma yawan buɗe akwati ba gaira ba dalili shi ma ƙofa ce ga ƙura. A wajen saye kuwa, a lura da yawan ninkin takarda da laushin robar gefe. Jabu ninkinta kaɗan ne, robarta busasshiya, kuma sau da yawa tana rawa a cikin akwati.

Gaba da akwati akwai na'urar da kanikawa ke kira iyafulo. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, yawan wutar da ake bukata don riƙe zafinta shi ne ma'aunin iskar da ta shiga. Idan datti ya lulluɓe wayar, ba ta sanyi da sauri, sai ta faɗa wa kwamfutar mota cewa iska kaɗan ce ta wuce, kwamfuta ta rage mai, mota ta riƙa nawa idan an taka, tana shaƙewa a hawa. Sau da yawa wutar cek injin na kamawa, kuma tun da duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin bincike a ƙarƙashin sitiyari, ƙaramar na'urar sikanin za ta nuna lamba irin P0101 ko P0171. Wankinta mai sauƙi ne, ɓata ta ya fi sauƙi. A kashe mota a zare makulli, a cire soket, a kwance sukurori biyu, a fesa mata ruwan feshin da aka yi musamman dominta daga ɗan nesa, a bar ta ta bushe da kanta kafin a mayar. Ba a taɓa wayar da tsinke ko auduga ko burushi, ba a hura ta, ba a tsoma ta a fetur, ba a fesa mata abin wanke kafireta, wanda ke cin roba. A motocin Toyota akwai wani ɗan ɗigo mai ruwan zuma da ake gani da zarar an zaro na'urar. Wannan zafin iska yake aunawa, wayoyin da ake nufi suna can cikin rami, kuma da yawa sukan wanke ɗigon su mayar su ce wanki bai yi amfani ba. Wasu injina, irin na tsofaffin Honda da dama, ba su da iyafulo sam, matsin iska suke aunawa a jikin manifol. Sai tiyon roba mai lanƙwasa da ya haɗa iyafulo da totur. Zafi da girgizar injin suna tsaga shi a ƙasan ninki, inda ba a gani sai an cire an lanƙwasa shi da hannu. Tsaga a nan ɓarna biyu ce a lokaci guda, domin iskar da ke shiga ba a tace ta ba, ba a kuma auna ta ba. Naɗe shi da salatif na iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne.

Baƙin dattin da ke taruwa a bakin totur, wanda wasu ke kira bakin injekta, yawancinsa ba daga waje yake zuwa ba. Tururin baƙin mai ne da injin ke mayarwa cikin hanyar iska ta wani ƙaramin bawul don a ƙona shi, haɗe da hayaƙin da wasu injina ke dawowa da shi. A sulo faifan totur kusan a rufe yake, iska na bi ta ɗan siririn gefe, don haka datti kaɗan ya isa ya rage mata hanya; mota ta riƙa karkarwa a danja, ta mutu idan an kunna iyakwandishan ko an juya sitiyari. Maganinsa a cire tiyo, injin na sanyi, a waje mai iska, nesa da sigari da garwashin mai shayi, a fesa abin wanki a jikin tsumma, a goge gefen faifai da bangon da yake zama a kai. A motar da toturinta na waya ne ana iya buɗe faifan da hannu. A ta zamani, wadda ƙaramin injin lantarki ke juya faifan, a cire kan batir tukuna, domin tana iya datse yatsa, a tura faifan a hankali, kada kuma ruwan feshi ya gangara ɓangaren lantarkin. Bayan wanki sulo kan tashi sama na ɗan lokaci, saboda kwamfuta ta saba buɗe faifai fiye da kima don ta rama datti. Yawancin motoci suna daidaita kansu bayan 'yar tafiya, wasu kuma, musamman Nissan, sai an bi musu matakan sake koyo. Abin da ba a yi shi ne taɓa ɗan sukurun da faifai ke tsayawa a kai, ko ɗaure wayar totur don sulo ya tashi. Wannan rufe matsala ne, kuma mai mota ne ke biyan kuɗinsa a gidan mai. Wanke totur ba ya ƙara gudu ko kaɗan, domin idan faifai ya buɗe gaba ɗaya wannan siririn datti ba ya tare komai. Zaman sulo da santsin tashi yake dawowa da su.

Aikin gida yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Sababbin injina masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu tambarin GDI a Hyundai da Kia ko FSI da TSI a Volkswagen, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗinsu, don haka gawayi na taruwa a can, kuma duk maganin da aka zuba a tanki ba ya isa wurin. Sai an cire manifol an kankare, a ƙasashen waje da garin ɓawon gyaɗar walnut ake feshe shi. Wannan aikin gareji ne. Idan kuma aka tarar da baƙin mai kwance a akwatin iska, matsalar daga ringi ko wancan ƙaramin bawul take, wanki ba zai tsayar da ita ba. Injin dizal kuwa kada a kuskura a fesa masa abu mai kama wuta a hanyar iska yana aiki, domin zai ɗauke shi a matsayin mai ya tashi da gudun da makulli ba ya tsayarwa.

Yanzu mu zo kan sauya fasali, mu auna shi da ma'auni ɗaya. Matsin iskar da ke kewaye da mu ya kai nauyin ruwa mai zurfin mita 10. A manyan motoci akwai ɗan ma'auni a jikin akwatin iska da ke nuna ja idan zuƙa ta kai inci 25 na ruwa, wato kusan santimita 63, kuma a nan ne ake cewa filta ta mutu. Ke nan matacciyar filta kusan kashi 6 cikin 100 na matsin iska take ci. Sabuwa ba ta kai rabin haka ba, amma mu yi wa mai gardama adalci mu ba shi kashi 3. Ko da za a jefar da filta da akwatinta gaba ɗaya, iyakar abin da za a samu ke nan: a injin Corolla 1.8 mai ƙarfin doki 130, doki huɗu. Kuma ba kullum ba, sai totur na ƙasa, allura na kusa da ja. Tirjiyar da iska ke gamuwa da ita tana raguwa da sauri fiye da raguwar gudunta, idan gudun ya koma rabi tirjiya ta koma rubu'i. A tuƙin cikin gari kuwa abin da ke shaƙe injin shi ne faifan totur da kansa, wanda ƙafar direba ke riƙe da shi kusan a rufe. Buɗe ƙofar waje ba ta da amfani alhali ta ciki a kare take da gangan.

Sannan ga zafi, wanda masu tallan jar filta ba sa ambata. Kamfani ya kai bakin bututunsa bayan fitila ko saman lagireto ne don ya ɗebo iskar waje. Filtar da aka ɗaura tsirara a cikin bonet tana shan iskar da ta ratso lagireto ta shafi jikin injin da salansa. Iska na rasa kusan kashi 1 cikin 100 na nauyinta a duk ƙarin digiri 3 na zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, waje na digiri 40, a ce cikin bonet ya kai 60 a cunkoso, wanda ba abin mamaki ba ne. Asarar kashi 6 ke nan, ninki biyu na ribar da muka ba shi bisa karamci. Iska mai zafi tana kuma sa mai ya fashe kafin lokacinsa, kwamfuta ta ji ƙwanƙwasa ta ja wutar fulogi baya, ƙarfi ya sake raguwa. Gaskiya ne idan mota ta miƙe a babbar hanya cikin bonet yana ɗan sanyi, ratar ta ragu, amma ba ta juyewa ta zama riba. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Mai gardama zai ce, kuma da gaskiyarsa yake faɗa, ai ni na sa na ji bambanci. Abubuwa biyu ke jawo wannan ji. Na farko, yawanci tsohuwar filta toshasshiya aka cire, ga tiyo tsagagge, aka kuma goge totur a rana ɗaya. Kashi 6 zuwa 11 ɗin nan ne ya dawo, kuma da filtar takarda aka saya da ya dawo haka nan. Na biyu sauti ne. Waɗannan akwatunan roba marasa mafita da ke manne da bututu, waɗanda ake yankewa a ce ba su da aiki, an yi su ne bisa ka'idar da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya bayyana a ƙarni na 19, suna kashe gurnanin zuƙa suna daidaita kaɗawar iska. Cire su na sa injin ruri, kunne kuma ya shaida wa direba cewa ƙarfi ya ƙaru. Ga abin gwadawa: garin Jos yana kan tsayin kusan mita 1,200, matsin iskarsa ya gaza na Legas da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma motar da ba ta da tarbo tana rasa ƙarfi gwargwadon haka idan ta hau, amma direbobi nawa ne ke lura? Wanda bai ji fitar kashi 10 ba, da wuya ya ji shigar kashi 2. Agogon waya da miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a sun fi kunne adalci. Wani zai ce ai kamfani ma yana takura iska don rage ƙara da kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma a motar tsere ko injin mai tarbo da aka sauya wa lissafin kwamfuta, faɗaɗa hanyar iska na ba da riba da ake iya aunawa. Amma injin tsere ana kwance shi akai-akai, kuma mai shi ya yarda da gajeren rai. Ban da haka an daidaita iyafulo ne da faɗin bututun da ta zo a ciki. A dasa ta a bututu mafi faɗi, sai ta riƙa ƙidaya ƙasa da abin da ya wuce, mai ya yi ƙaranci, wutar cek ta kama.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta aljihu: filtar auduga mai shan mai ana wanke ta a mayar, ba a sake saye. Sai dai tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ramukanta sun fi faɗi, kuma ƙura ba ta neman izini. A ce wata na tare kashi 99, wata 97. A ido kusan ɗaya suke, amma abin da ke isa silinda ninki uku ne. A ƙasar da ake ruwa rabin shekara ana iya jure wannan, a ƙarƙashin iskar Bodele lissafi ne daban. Tacewarta kuma ta dogara da man da aka shafa mata: ya yi kaɗan ƙura ta wuce, ya yi yawa ya kai ga iyafulo. A 2004 kamfanin General Motors ya gargaɗi kanikawansa kan matsalolin da filtar da aka cika wa mai ke jawowa, ko da yake masu ƙera irin filtar suna musun cewa mansu na barin auduga. Masu kai filta ƙasan bamba don neman iska mai sanyi kuwa sun magance zafi sun gayyato ruwa. A watan Agusta titunan garuruwanmu kan zama rafi, ruwa ba ya matsuwa, kofi guda ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin nan take. Su kuma 'yan fankokin ƙarfe da ake cusawa a tiyo wai su murɗa iska su rage shan mai, hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai fiye da 100 ba ta samu wadda ta yi tasirin kirki ba.

Akwai sauyin da ya dace da ƙasarmu, sai dai ta ɗaya gefen yake fuskanta, kuma masu manyan motoci da direbobin hanyar Agadas sun daɗe da saninsa. Dogon bututun da ke hawa gefen gilashin Land Cruiser da Hilux yana ɗebo iska daga saman rufi ne, inda ƙurar taya ba ta da kauri. Tarakta da tifa suna da wani kwano a bakin bututu da ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyi kafin su isa filta, kuma da yawansu filta biyu gare su, ƙarama a cikin babba, don ko ta waje ta huje ta ciki ta tare. Duk dabarun nan ƙara tacewa suke yi. Mai ƙaramar mota zai iya aron abin da ya samu: ya mayar da kilif ɗin da ya ɓace, ya sauya murfin da ya karkace, ya tabbata bututun da ke kawo iska daga bayan fitila yana wurinsa, domin sau da yawa bayan gyaran karo ba a mayar da shi. Littafin motar Toyota da aka yi wa kasuwar Amurka yana cewa a sauya filta a mil 30,000, kusan kilomita 48,000, amma shi da kansa ya ce mai bin hanyar ƙasa ya riƙa dubawa a duk mil 5,000. Mu a layi na biyu muke, don haka dubawa a duk juyen mai da kuma ƙarshen hunturu shi ne daidai. Iyayena kanikawa kada su ga kamar ana janye musu kwastoma. Mai motar da ya iya shafa yatsa a cikin tiyo zai zo gareji da bayani a bakinsa, ya ce ga tsaga a wuri kaza ko ga mai a gindin akwati, kuma aikin da ke bayan wannan, auna kwamfireshan, cire manifol, sake koya wa kwamfuta sulo, har yanzu naku ne. Wancan ɗan ma'aunin zuƙa na manyan motoci ma ana iya dasa shi a tiyon ƙaramar mota, tsakanin filta da iyafulo, da sharaɗin a toshe gefen ramin sosai, daga nan shi zai riƙa faɗin ranar da za a buɗe akwati.